Ajin da Muka Riƙe wa Baba Lissafi

Laraba, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya a aji shida ba. Na riga na rubuta shi da safiyar nan, a matsayina na Mataimakin Shugabar makaranta, cikin rahoton da ofishin ilimi ya nema, kuma na zaɓi kalmomin da ba za su cuci kowa ba. Wannan ya wadatar. Abin da zan sa a nan shi ne abin da rahoto ba ya ɗauka. Da na shiga ajin bayan mota ta tafi da yarinyar asibiti, na tarar da aikin a kan allo an tsaya a tsakiyar layi, allin kuma yana ƙasa ya karye. Na ɗauki tsumma zan goge, sai na fasa. Daga baya na dawo na goge.

Baba Lissafi, wanda shi ne a gaban allon jiya, bai zo yau ba. Da wannan suna kowa ya san shi, ɗalibai da malamai, har da iyayen da suka zauna a gabansa suna yara. Shi ne ya karɓe ni ranar da na fara aiki a makarantar nan, shi ya ba ni rabin teburinsa kafin a samo mini nawa.

Alhamis, 4 ga wata, da hantsi

Labari ya zo daga asibiti: yarinyar ta rasu. An sallami ɗalibai.

Asabar, 6 ga wata, da yamma

Mun je gidansu, malamai duka. Kawun yarinyar ya ce likita ya gaya musu ciwon yana jikinta tun haihuwa, ba wanda ya sani, kuma ko da an fito da ita 'yan mintuna kafin haka, ba abin da zai sauya. Ban san dalilin da ya sa ya kawo zancen mintuna ba. Wataƙila don ya sanyaya mana rai ne. Baba yana can ƙarshen tabarma, bai ɗago kai ba har muka tashi.

A hanyar dawowa na jera da shi. Na shirya jimla guda, na juya ta, na ga ta yi nauyi. Na shirya wata, na ga ta yi sauƙi da yawa. Muka iso mararraba, ya ce, "Sai Litinin, Mataimaki." Na ce Allah ya kai mu.

Litinin, 8 ga wata, bayan an tashi

Ya dawo, da farar rigarsa a goge da jakar nan tasa mai tsinkakken hannu. Ya gaisa da kowa, ya zauna a kujerarsa ta kusa da taga.

A ɗakin malamanmu akwai wani abu da babu inda aka rubuta shi. Idan ɗayanmu ya shiga damuwa, ko rashi ko jinya, ba a tambayarsa me za a yi masa. Riƙe masa aji kawai ake yi. Kafin ƙararrawa ta gama kaɗawa wani ya riga shi shiga ya kama alli. Idan mai ajin ya iso ƙofa ya ga mutum a gaban allo, sai ya ɗaga hannu ya juya. Ba a sanar da shi, shi ma ba ya godiya. Muna alfahari da wannan tsari, domin yana ɗauke wa mutum nauyin roƙo, ya kuma ɗauke masa nauyin cewa na gode. An yi mini lokacin da mahaifiyata ta kwanta, kuma har yau ban san duk waɗanda suka shiga ajina ba.

Yau Sabon Malami, matashin da ke koyar da lissafi a ƙananan azuzuwa, shi ya riga shi shiga aji shida. Ina kallo daga baranda. Baba ya iso ƙofa ya tsaya, ya daɗe fiye da yadda ake daɗewa. Sannan ya ɗaga hannu ya juya.

Na ji daɗi. Na ga mun kyauta.

Talata, 9 ga wata, da rana

An riƙe masa.

Alhamis, 11 ga wata, ƙarfe huɗu

Shugaba ta kira ni ofis ta rufe ƙofa.

"Mataimaki, kada ka bari ya taka ajin nan sai ya warware. Ka ga hannunsa jiya da yake zuba shayi?"

Na gani. Rabin shayin a kan tebur ya ƙare.

Tsara jadawalin darussa aikina ne, don haka na sauke shi daga bango na zauna da fensir da magogi. Na bar wa Baba ƙananan azuzuwansa, na raba lissafin aji shida uku: kaso mafi tsoka ga Sabon Malami, sauran ga Malamar Turanci da Koci, malamin wasanni, saboda su kaɗai ke da sarari a lokutan.

Malamar Turanci ta dafe ƙirji. "Ni da lissafi? Mataimaki, ni fa da addu'ar uwata na tsallake shi!"

"Zama kawai za ki yi da su, su yi aikin da aka ba su."

"In suka tambaye ni fa?"

Koci ya ce, "Ki turo mini su su zagaya fili. Ai shi ma da'ira ne."

Aka yi dariya, ta farko tun ranar Talatar nan, kuma kowa ya waiga wajen taga ya tabbatar Baba ba ya ɗakin. Na mayar da jadawalin bango. Na kuma sa an sake jera bencin gaba na aji shida, don kada gurbin ya riƙa kallon mutane.

Juma'a, 12 ga wata, da safe

Ofishin ilimi ya aiko mana da wata babbar takarda mai launi, ɗauke da kalmomin ƙarfafa gwiwa ga malamai. Mu kula da lafiyarmu, mu samu hutu, mu tuna al'umma tana gode mana. Ba na raina ta. Wanda ya rubuta da kyakkyawar niyya ya rubuta. An manna ta a saman tukunyar shayi, dab da jadawali.

Koci ya karanta da muryar mai labarai, da ya zo wurin hutu sai ya ce, "A wane darasi aka sa shi, Mataimaki? Ban gan shi a nawa layin ba."

Baba ne ya fi kowa daɗewa a gaban bangon. Na ɗauka takardar yake karantawa.

Talata, 16 ga wata, ƙarfe uku

Mahaifin yarinyar ya zo karɓar kayanta. Mutum ne mai sanyin murya, direba, ya zo da kayan aikinsa a jiki. Na haɗa masa littattafan a leda. Ya ce yana son ganin Malamin Lissafi.

Na ce yana aji.

Ba ya aji. Yana bayan bangon da na jingina, a zaune, ba abin da yake yi.

Mutumin ya ce, "To ba komai, kada a katse shi. Ka gaishe mini da shi. Ka ce masa sauran littattafan zan ba ƙannenta, amma na lissafin zan ajiye. Duk jan biron da ke ciki nasa ne, kuma kullum sai ta tare ni a ƙofa ta nuna mini, ni da ban san kan abin ba."

Na raka shi har bakin ƙofar makaranta. Ina dawowa na auna saƙon. Gaisuwa ce, babu shakka, amma gaisuwa mai kaifi, kuma mutumin da hannunsa ke rawa a kan kofi ba shi ne za a miƙa wa wannan ba. Na ce zan jira ya ƙara ƙarfi.

Laraba, 17 ga wata

Ban faɗa masa ba.

Alhamis, 18 ga wata, da yamma

Ban faɗa masa ba. An riƙe masa. Muryar Sabon Malami ta dishe, da hannu yake tsawatar wa yara. Jarabawar ƙarshe tana matsowa kuma aji shida bai gama manhaja ba.

Juma'a, 19 ga wata, ƙarfe biyu

Baba ya shiga wurin Shugaba da safe. Bai daɗe ba. Bayan ya fita ta kira ni, na tarar ta cire tabarau ta ajiye.

"Ya ce ƙarshen wata zai ajiye aiki. Wai shekaru sun ja."

"Kin roƙe shi?"

"Na ce ya sake tunani. Ya ce ya gode da duk abin da aka yi masa." Ta mayar da tabaraunta. "Wataƙila haka ya fi masa, Mataimaki. Mu dai mu sallame shi da mutunci. Ranar ƙarshen wata a yi ɗan taro, a sha lemo, kai ka rubuta jawabin godiya. Kai ne mai kalmomi."

Ni ne mai kalmomi.

Asabar, 20 ga wata, da hantsi

Tun safe ina kan jawabin a teburin falo. Abin faɗa ba ya ƙarewa: ɗaliban da ya mayar makaranta bayan sun gudu, darussan Asabar da bai taɓa neman komai a kansu ba, yadda yakan tsaya a bayan yaro mai tsoron allo har yaron ya manta da tsoron. Na cika shafi biyu.

Uwargida ta kawo mini ruwa, ta karanta ta saman kafaɗata, abin da ta san ba na so.

"Abban yara, wannan mutumin rasuwa ya yi?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"To na ga kamar ta'aziyya. Ka taɓa gaya masa ko layi ɗaya a cikin nan yana tsaye a gabanka?"

Na ce ba a yin haka tsakanin abokan aiki. Ta ce to, ta ɗauki tirenta.

Lahadi, 21 ga wata, bayan la'asar

Na je gidan Baba, da hujjar in tambayi shekarar da ya fara aiki saboda jawabi. Matarsa ta shigar da ni ɗakin karatunsa, ta rage murya a bakin ƙofa: "Ɗan'uwa, ka yi masa magana. Ba ya ci, ba ya fita in ba makaranta ba. Kullum yana kan teburin nan."

A kan teburin akwai shirin darasi na aji shida, na kowace rana tun da ya dawo, an ja layi da rula, an fitar da misalai, an ware tambayoyi masu sauƙi don na bencin baya. Ya ga inda idona ya sauka.

"Hannu ne ya saba," in ji shi. "Nakan shirya, in sa a jaka, in dawo da shi."

Na fara zancen shekarar, sai ya ɗaga hannu.

"Mataimaki, ba sai ka wahalar da bakinka ba. Na gane. Riƙon aji mako guda ne. Ina cikin waɗanda suka fara abin nan tun kafin ka zo, na san tsawonsa. In ya zarce haka, har aka goge sunan mutum a bango aka sa Koci a gurbinsa, to ba riƙo ba ne kuma. Kun zauna, kun duba, kun ga ba za a sake ba ni amanar ajin ba. Kun kuma rufa mini asiri, ba ku faɗa ba. Ban ga laifinku ba." Ya gyara rular ta daidaita da gefen takarda. "Ranar nan yarinyar ta ɗaga hannu tana neman fita. Na ce ta bari mu ƙarasa layin. Da ni ne a kujerarka, abin da zan yi ke nan."

Ban taɓa jin amsoshi sun taru a bakina kamar lokacin ba. In na ce ba haka ba ne, zai ce ladabi nake yi. In na ce don tausayi muka yi, na mayar da shi abin tausayi. In na ce Shugaba ce ta ce, na yi ƙarya da rabin gaskiya, tunda fensirin nawa ne. Ina cikin wannan awo har shirun ya yi tsawo, ya zama amsa da kansa.

Na ce, "Za mu duba."

Ya ce, "Allah ya yi albarka." Ya rako ni har titi.

Lahadi, ƙarfe takwas

Na ba uwargida labari. Ta ajiye cokali.

"Za mu duba? Mutum ya buɗe maka cikinsa, ka ce za mu duba? Takardar neman hutu ya kawo maka?"

Na ce ina gudun kalmar da za ta ƙara masa ciwo.

"Duk karatun nan naka, Abban yara. Ai gara ka faɗi magana a karkace ya ji ta, da ka riƙe ta a miƙe a cikinka. Shi bai ga cikinka ba, bango ya gani."

Ban ci abincin kirki ba.

Litinin, 22 ga wata, da rana

Malamar Turanci ta shigo ofishina ba sallama, ta zauna.

"Na gaji, Mataimaki. Ba aikin ba, ƙaryar. Kullum sai sun tambaye ni yaushe Baba zai dawo, kullum in ce yana nan tafe. Yau wata ta miƙe ta ce wai ko fushi yake da su, don sun yi ta ihu ranar nan maimakon su taimaka. Ajin gaba ɗaya haka suka ɗauka. Suna ganinsa ta taga yana shiga aji biyu, yana wuce ƙofarsu."

Ashe su ma mun rufa musu asiri.

Talata, 23 ga wata, bayan an tashi

Na jira kowa ya watse. Baba yana ɗaure jakarsa na ja kujera na zauna a gabansa, ban shirya komai ba, da gangan.

Ba zan iya maido da abin da na faɗa a jere ba, domin bai fito a jere ba. Na ce ba wanda ya zauna a kansa. Na ce ni na goge sunan, kuma tsoro ne ya sa, tsoron kada ya shiga ɗakin nan ya karye a gaban yara. Na ce tun da na fara aiki ban ga malamin da ya kai shi ba, kuma da ina da 'ya a aji shida, a bencinsa na gaba zan so ta zauna, yau ɗin nan, bayan duk abin da ya faru. Na ce na gode. Ina jin sau uku na faɗi wannan, ban san me ya sa ba. Sannan na isar da saƙon mahaifin, kalma da kalma, na kuma faɗi ranar da ya zo.

Ban taɓa ganin fushinsa a kaina ba sai yau.

"Ya zo nemana, ina bayan bango, ka ce ina aji?"

"Na ce."

"Wa ya ba ka izinin auna mini abin da zan iya ɗauka? Mako guda mutumin nan yana ganin saƙonsa ya iso, ni kuwa ina nan ina ganin ko sunana ba ya son ji!"

Ban kare kaina ba. Ya juya wajen taga, ya ciro hankici, ya daɗe. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Na ji abin da ka ce, kuma na yarda da kai, don kai ba ka iya ƙarya mai tsawo ba. Amma bari in gaya maka nawa. Ranar da na dawo na ga yaron nan, Sabon Malami, a gaban allo, wallahi sanyi na ji a raina. Daɗi na ji da ba sai na shiga ba. To malamin da ke jin daɗin an tare masa ƙofa, me ya rage masa? Ko kun buɗe, ban san ko ƙafata za ta ɗauke ni ba."

Maganar ƙarshen wata tana nan yadda take.

Laraba, 24 ga wata, ƙarfe huɗu

Na gaya wa Shugaba ina so a daina riƙe masa.

"In ya shiga abin ya faskara fa?"

"Ina kusa."

"In bai shiga ba?"

"Ajin zai zauna babu malami."

"Aji mai jarabawa? Mataimaki, kai ne kuwa?" Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "A wuyanka."

Na mayar da sunansa bango, da biro. Na tara mutum ukun na gaya musu kada wanda ya shiga, ko me suka ji. Sabon Malami ya so ya yi gardama amma babu murya. Na ce ya je gida ya sha ruwan ɗumi, na kuma gode masa a gaban mutane, har ya rasa inda zai sa idonsa.

Sannan na je wurin Baba, domin ba na so wannan ma ya zama abin da aka ƙulla a bayansa. Na ce, "Gobe darasi na uku naka ne. Ba wanda zai riga ka. In ka shiga, ajinka ne. In ba ka shiga ba, ba wanda zai ce maka komai."

Ya ce, "Ka zama mugu da tsufana." Ban gane ko wasa yake ba.

Alhamis, 25 ga wata, da rana

Bai shiga ba.

Ƙararrawa ta kaɗa, kowa ya tafi ajinsa, muka rage ni da shi da Koci. Hayaniyar aji shida ta fara ƙasa-ƙasa, ta hau, har ana jin jan benci. Koci ya miƙe sau biyu, sau biyu na dube shi ya zauna. Baba ya buɗe jaka, ya ciro shirin darasin, ya ɗora a gwiwa. A nan ya zauna har aka kaɗa ta fita.

Shugaba ta wuce ni a baranda ba ta ce komai ba. Na fi son da ta ce.

Juma'a, 26 ga wata

Babu lissafi a aji shida yau. An kawo lemon taro, yana ƙarƙashin teburina.

Lahadi, 28 ga wata, da yamma

Matar Baba ta kira uwargida. Wai jiya ya sa riga ya fita shi kaɗai, ya je gidan direban, ya daɗe. Da ya dawo ya ci abinci. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma ba zan tambaya ba.

Litinin, 29 ga wata, bayan an tashi

Darasi biyu a haɗe, na farkon safiya. Ƙararrawa ta kaɗa. Hayaniyar ta tashi kamar ta ranar Alhamis, har ta fi, domin wani ya samo abin bugawa. Baba yana zaune. Ni ina yi kamar ina duba rajista, shafi ɗaya nake kallo.

Can sai na ji ya yi tsaki.

"Yara masu jarabawa a gaba, suna kiɗa da benci. Wannan ai sakarci ne." Ya buɗe kwalin alli ya ɗauki biyu, ya mayar da ɗaya, ya sake ɗauka. "Mataimaki, taka mini."

Muka bi baranda. A bakin ƙofar ya tsaya kamar ranar farko. Bai dube ni ba ya ce, "Ka tsaya nan jikin taga, inda zan gan ka. Kada ka shigo."

Ya shiga. Hayaniyar ta yanke kamar an rufe famfo. Suka miƙe suka gaishe shi, muryoyin ba su haɗu ba. Ya ce su zauna. Ya ajiye jaka, ya dubi bencin gaba, ya dubi allo, ya dubi taga. Ina nan. Ya dafa tebur.

"Ba fushi nake da ku ba," in ji shi. "Tsoro nake ji. Yanzu ma ina ji." Ba wanda ya motsa. "Doka ɗaya na zo da ita. Daga yau duk wanda ya ji yana bukatar fita, ya tashi ya fita. Kada ya ɗaga hannu, kada ya jira in gama."

Sai wani dogo a bencin baya ya ce a hankali, "Baba, har ranar gwaji?"

"Ban da kai."

Dariya ta fashe, kuma a tsakiyarta wasu suka kife kai a kan benci suna kuka. Ya bar su. Bai ce su yi shiru ba, bai ce su yi haƙuri ba. Da abin ya lafa ya karɓi littafin wata ya buɗe, ya ɗaga gira.

"Wa ya koya muku wannan?"

"Koci ne!"

"Allah ya saka masa da alheri. Ku ja layi a ƙarƙashi, mu sake."

Ya juya ga allo. Layin farko ya karkace. Na biyu ya fi. Na tsaya a jikin tagar har aka kaɗa, ajina na can yana jirana, ban ko tuna da shi ba.

Talata, 30 ga wata, ƙarfe biyar

Ya gaya wa Shugaba zai zauna har a gama jarabawa, bayan nan kuma bai yi alkawari ba. Ta ce ta karɓa. Ta ce a raba lemon a ɗakin malamai kafin Koci ya gano inda yake.

Da rana ya same ni a gaban jadawali.

"Gobe ma ina so ka tsaya a tagar nan. Da jibi. Sai na ce ya isa."

Na duba layina. "Ina da darasi a aji huɗu a lokacin."

"Sai a riƙe maka." Ya nuna Malamar Turanci da haɓa, tana can tana gyaran takardu. "Amma ba irin na da ba. Je ka roƙa da bakinka."

Na je na tsaya a gaban teburinta. Na ce, "Malama, ina neman alfarma. Ki riƙe mini aji huɗu gobe da jibi. Na gode."

Ta ɗago, ta dubi Baba, ta dube ni, ta ajiye jan bironta.

"Ku yi shiru, jama'a," in ji ta. "Mataimaki, maimaita. A hankali."

Na maimaita.